Taron masana kwamfuta ba kwamfuta: wai mi ya shafi ɗan Maraɗi?

Daren Juma'ar da ta wuce muna fada bakin shagon wani abokinmu nan unguwar Zariya, an ɗauke kuran, kowa ya duƙa kan salularsa ana jiran shayi na biyu. Ɗan ƙanwata da ke karatun lissafi a jami'a ya zo ya raɓe a ƙarshen benci yana kallon wani bidiyo. Alhajin da ke kusa da shi, mai sayar da kayan gini ne, ya leƙa yana tsammanin ƙwallo ce, sai ya ga wani mutum da 'yar riga tsaye gaban allo yana nuna haruffa da sanda.

Ya ce kai yaro, mi ne ne wanga? Yaro ya ce Alhaji lacca ce daga wani taron duniya na masana kwamfuta. Alhaji ya ce to ina kwamfutar? Ya ce ai su ba ita suke taɓawa ba, lissafinta suke yi. Mai shayi ya ce taron mahauta ke nan ba nama. Aka kwashe da dariya, kuma ba zan ɓoye ba har da ni.

Da yaron ya ce shi burinsa wata rana ya tsaya gaban irin wannan allo ya karanta tasa takarda, sai Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce ɗana, gara ka koyi gyaran salula, ko ka zo shago in ba ka jari. Yaro ya ce to Alhaji, na gode, ya kashe bidiyon ya sa wayar aljihu. Kashe bidiyon nan shi ya hana ni barci, don ni mushe ne, lissafi nake koyarwa a lise shekara da shekaru, amma na zauna ina dariya kamar ban san komi ba.

To ga abin da ya kamata in faɗa a daren. Nijar na buƙatar 'yan yara irin wannan, ko da goma ne, kuma ya kamata jami'o'inmu da gwamnati da su kansu alhazan Maraɗi su riƙa biya musu kuɗin jirgi zuwa irin waɗannan taruka. Dalilina guda ne: a duk faɗin ilimin kwamfuta, wannan ɓangaren na lissafin tushen kwamfuta ne kaɗai talaka zai shiga da bik da kaye ya yi gogayya da ɗan mai kuɗi, kuma nan ne ake ƙera makullan da duniya ke kulle dukiyarta da su.

Wane irin taro ne ma?

Akwai manya guda uku da aka fi ji. FOCS ya faro a 1960, STOC a 1969, dukansu daga Amurka, sai ICALP na Turawa da aka fara a Faransa a 1972. Duk shekara ake yin kowane. Ba a zuwa da sabuwar waya ko sabuwar manhaja a nuna. Abin da ake kaiwa hujja ce ta lissafi: wannan matsala kwamfuta za ta iya warware ta cikin matakai kaza, waccan kuwa ko za ta shekara dubu ba za ta iya ba, ga dalili.

Kuma ba kowa ke samun shiga ba. Ka aika takardarka watanni kafin taro, kwamitin masana su bi ta layi-layi, mafi yawan takardun a mayar da su. A wasu fannoni mujalla ce ke da daraja, amma a ilimin kwamfuta wanda takardarsa ta shiga STOC ko FOCS ya riga ya yi suna.

A taron STOC na 1971 ne wani mai suna Stephen Cook ya kawo tambayar da har yau ta gagari kowa, wadda ake kira P da NP. Bari in kwatanta ta da abin da Alhaji ya sani.

A ce yaron Alhaji zai ɗauki kamyo ya kai siminti garuruwa goma: ya tashi Maraɗi, ya bi Tibiri, Gidan Rumji, Dakwaro, Mayahi, Tasawa, Gazawa, Agie, Madarumfa, Ɗan Isa, ya dawo gida, kuma Alhaji ya ce kada tafiyar ta wuce kilomita kaza don mai ya yi tsada. In wani ya rubuto maka jerin garuruwan ya ce bi haka, dubawa ba wuya, ka tara kilomitocin ka ga ko sun wuce. Ɗan aji shida ma zai yi. Amma ka nemo jerin da kanka? Garuruwa 10 suna da zagaye iri 181,440. In sun kai 20, kwamfutar da ke gwada zagaye biliyan ɗaya a kowane sakan sai ta yi kusan shekara biyu kafin ta gama gwada su duka. In sun kai 25, kusan shekara miliyan goma. Garuruwa biyar kawai aka ƙara fa.

I, akwai dabarun da suka fi gwada ɗaya-ɗaya nesa ba kusa ba, da su kamfanonin jigila ke aiki. Amma ba wanda ya samo dabarar da ke da sauri a kowane hali, ba kuma wanda ya kawo hujjar cewa babu ita. Tambayar ke nan: duk abin da duba amsarsa ke da sauƙi, nemo amsar ma na da sauƙi? A 2000 cibiyar Clay ta Amurka ta sa dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba; kuɗin sun haura sefa miliyan 500. Kuɗin na nan har yau ba wanda ya ɗauka.

"Mu da ke fama da hatsi"

Wannan ita ce magana mafi nauyi kuma ba na raina ta. Wanda buhun hatsi ya gagara, in ka ce masa P da NP ka zage shi. Makarantunmu da yawa na zana ne, damina na zuwa a tashi. Ni da nake shiga aji mai yara fiye da yadda benci zai ɗauka na fi kowa sanin haka.

Amma a duba abin da ake nema. Mai binciken magani na son ɗakin gwaji na miliyoyi. Masu ƙera irin basirar kwamfutar nan da ake ta yayi yanzu na son injuna da wutar da duk garin Maraɗi bai sha ba. Shi mai lissafin tushen kwamfuta mi yake so? Allo, alli, shiru, da wanda ya fi shi sani da zai ce masa nan ka kuskure. Lokacin da aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya a 2023, masu walda da masu ƙanƙara duk sun zauna, amma allo bai daina aiki ba.

A 2002 wani malami a Kanfur ta Indiya, Manindra Agrawal, da ɗalibansa biyu, Neeraj Kayal da Nitin Saxena, suka fito da hanyar gane ko lamba tana cikin waɗanda ba su rabuwa sai da 1 da kansu, hanya mai sauri kuma mai cikakkiyar hujja, abin da manyan jami'o'in Amurka da Turai suka daɗe suna nema. Yaran lokacin suka gama digirin farko. Takardar 'yar shafuka kaɗan ce. A 2006 aka ba su kyautar Gödel, wadda a waɗannan tarukan na STOC da ICALP ake miƙa ta. Ba su jira sai yunwa ta ƙare a Indiya ba.

"To mi zai ƙare mu da shi?"

Shi Alhaji da ya yi dariya, kafin mu tashi sai da ya tura wa wani kuɗi Kano ta waya, ya kuma aika hoton rasit ta WhatsApp. Mi ya hana wani a tsakiya ya karanta saƙon ko ya canza lambar? Makulli ne na lissafi. A 1976 Diffie da Hellman suka nuna yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su yarda da makullin sirri alhali kowa na jin maganarsu. A 1977 wasu uku, Rivest da Shamir da Adleman, suka gina wani a kan abu ɗaya: ninka manyan lambobi biyu ba wuya, amma a ba ka sakamakon a ce nemo su biyun, nan ake yin ta. Dubawa da sauƙi, nemowa da wuya, zancen kamyon nan ne dai. Tun 2016 duk saƙon WhatsApp da jikokin waɗannan makullai ake kulle shi.

Saurari inda taro ya shigo. A FOCS na 1994 Peter Shor ya tsaya gaban allo ya nuna cewa in aka ƙera wata irin kwamfuta da ake kira kwantum, duk waɗannan makullai sun tashi aiki. Lokacin ba a ƙera ko guda ba, a takarda kawai ya yi. Da a fadarmu ne da an ce ya sha wani abu. A STOC na 2005 wani kuma, Oded Regev, ya kawo wata matsalar lissafi da ake ganin ko kwantum ba za ta iya da ita ba. A watan Agusta na 2024 hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar da sabbin makullan da za a koma kansu, kuma babban cikinsu daga aikin Regev ya samo tushe. Shekara 19 tsakanin allo da aljihun mutane.

Yanzu bankunanmu, da ma'aikatunmu, da sojojinmu, duk za su sayi waɗannan makullai. Tambayata: in aka kawo mana, wa zai buɗe ya duba ya ce wannan na kirki ne, wannan an bar masa ƙofar baya? Kullum muna ta maganar 'yancin kai, a rediyo, a filin taro, a jikin adaidaita. Ƙasar da ba ta da mutum biyar da za su iya karanta hujjar makullin da take kulle asirinta da shi, ta ba da ajiyar ɗan makullin ɗakinta ne ga maƙerin da ba ta taɓa gani ba.

Gyaran salula sana'a ce mai albarka, yara da yawa bakin babbar kasuwa da ita suke riƙe gidajensu, Allah ya ƙara musu kasuwa. Amma masu gyara muna da su ɗaruruwa. Ba a ce kowa ya bar gyara ya koma allo ba. An ce wanda Allah ya ba kan, kada a janye shi daga allo a miƙa masa sukurdireba.

"Wannan ai abin Nasara ne"

Nan kam raina ke ɓaci. Kalmar algoritim da suke ta faɗa a tarukan, wato jerin matakan warware matsala, daga sunan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ta fito, malamin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Aljabra ma daga littafinsa aka samo sunan.

Bar ma Bagadaza, mu dawo gida. Mu nan Katsinawa ne, har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa. To akwai wani malami Bakatsine, Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, da ya tafi hajji ya zauna Masar, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimin nan dai da malamanmu ke zanawa, gida tara, ka sa 1 zuwa 9, ta kowane gefe ka tara 15 za ka samu. Shi ya bayyana matakan cika hatimi mai gidaje mara, uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ka fara nan, ka matsa can, in ka tarar da gida a cike ka yi kaza. Ko da ilimin asiri ya sa shi a gaba, abin da ya rubuta algoritim ne sak, kuma masu tarihin lissafi na duniya sun san da shi. Ɗalibaina kuwa in na ambaci sunansa sai su yi ta kallona, ba wanda ya taɓa ji.

Kuma a lura, shi ma sai da ya yi tafiya. Bai zauna Katsina ya ce littattafai su same shi ba.

"Ya kalla a YouTube mana"

Gaskiya ne abubuwa sun yi sauƙi. Yawancin takardun suna kan wani shafin intanet mai suna arXiv kyauta, laccoci da yawa suna intanet, yaron ma ai can ya samo tasa. Amma duk wanda ya yi karatun zaure ya san bambancin mai littafi da mai malami. Bidiyo ba ya tsayawa ya ce maka kai, wannan hanyar mun bi ta shekara goma da suka wuce, ba ta ɓullewa. Ba ya ce maka zo ka yi dakta a wurina. Waɗannan a bakin ƙofar zauren taro ake samunsu, lokacin shan kofi, kamar yadda babban ciniki ba a tsakiyar kasuwa ake ƙulla shi ba sai an koma rumfa.

Akwai kuma tarbiyyar da ake ɗauka a can. A ƙarshen 2015 wani babban malami a Shikago, László Babai, ya sanar da sakamakon da duniyar fannin ta girgiza, ya kai shi STOC na 2016. A Janairun 2017 wani masani, Harald Helfgott, ya gano kuskure a cikin hujjar. Dattijon bai ce kai wane ne ba, bai ce raini ne ba. Ya fito fili ya ce an yi gaskiya, ya janye, bayan kwana biyar ya dawo da gyara. Ina so yaranmu su ga wannan da idonsu, don mu nan ɗalibi ya ce wa malami ka yi kuskure, ya shirya maimaita aji.

Inda masu suka ke da gaskiya

Mutanenmu ba banza suka raina kalmar taro ba. Mun ga atiliye iri-iri: a rataya ƙyalle a ƙofar otal, a raba jaka da bik, a ci kaji, a sa hannu a karɓi ferdiyem, a watse, wata mai zuwa a sake wani da suna daban. Ni kaina na zauna irinsu, na karɓa, ban kuma tuna abin da aka ce ba. In an buɗe asusun zuwa taron waje ba tare da sharaɗi ba, wallahi manya ne za su cinye, a tafi yawon sayayya a dawo da hotuna. Sharaɗin kuwa mai sauƙi ne, su masu taron sun riga sun yi mana tankaɗe: wanda aka karɓi takardarsa, ko ɗalibin da malaminsa ya tsaya masa, shi za a biya wa. Darakta ba ya ciki sai in shi ma ya rubuta.

Sai zancen gudu, a ce in sun tafi ba su dawowa. Wasu ba za su dawo ba, ƙarya ne a ce duka za su dawo. Amma Abdu Mumuni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, haifaffen Tasawa ne a 1929, ya yi karatun kimiyya a Faransa ya dawo ya riƙe aikin binciken hasken rana tun duniya ba ta damu da shi ba. Andrew Yao, gwani a wannan fanni na tushen kwamfuta, ya bar Princeton a 2004 ya koma jami'ar Tsinghua ta Sin ya buɗe aji na musamman, yau sunayen 'yan Sin sun cika tarukan. Jelani Nelson yana koyarwa a Amurka amma tun 2011 ya kafa shirin koya wa 'yan lisen Habasha algoritim lokacin hutu, kyauta. Wanda bai dawo da jiki ba ma yana iya dawowa da hannu. Wanda muka hana tafiya kuwa, shi ma ai mun rasa shi, yana shago yana ƙirga buhun siminti.

Su ma masu tarukan ina da magana da su. Suna kiran abin na duniya, amma kullum tsakanin Amurka da Turai yake yawo, jefi-jefi a leƙa Asiya. Ɗan Maraɗi sai ya yi sama da kilomita 600 zuwa Yamai kafin ma a fara zancen biza. Kuɗin bizar Turai Yuro 90 ne, wajen jika 59, in an hana ka ba a maido maka. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024. Ga kuɗin rajista, ga jirgi, ga masauki, albashin malamin jami'a na watanni. Masu basirar kwamfuta sun kai babban taronsu ICLR Kigali a 2023 kuma sama ba ta faɗo ba. Mi ya hana na lissafi?

Kafin su waiwayo mu, akwai na kusa. CARI taron binciken kwamfuta ne na Afirka da aka fara a Yawunde a 1992. AFRICACRYPT na masu ilimin makullan sirri ne, an fara shi a Kasabalanka a 2008. Cibiyar ilimin lissafi ta AIMS na da rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar masu digirin lissafi ta ɗauki nauyinsu. Dakar ko Akara ba sai da bizar Turai ba. Ga kuma jami'o'in Katsina da Kano da Zariya a bayan gidanmu, harshe ɗaya, mota ɗaya. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi za ta iya kiran malaman lissafinsu su zo mako guda a rufe ƙofa da ɗalibai ashirin da allo, kuɗinsa bai kai na atiliye ɗaya na otal ba.

Jiya na bi ta shagon Alhaji da takarda a hannu, na rubuta masa garuruwan nan goma, na ce Alhaji ga aiki, fitar min da zagayen da ya fi gajarta, kuma ka tabbatar min ba wanda ya fi shi. Ya sa tabarau, ya ja layi, ya goge, ya sake ja, ya ce ai Dakwaro ce ke ɓata lissafin. Ya kira direbansa, suka yi ta gardama ko a fara da Madarumfa ko a ƙare da ita, har mai sayen kwano ya gaji da jira ya tafi. Da na tashi tafiya ya ce Mushe bar min takardar, kuma ka ce wa yaron nan ya biyo da dare, akwai abin da zan tambaye shi.